Allunan Malam Mamuda Sun Je Yamai

Ranar wata Talata cikin damina, wajen ƙarfe tara da rabi na safe, Malam Mamuda yana tsaye ya ba ajinsa baya, yana rubuta uku bisa huɗu a baƙin allo, sai ya ji ajin ya yi tsit. Yara hamsin da takwas ne a aji shida na firamaren Kalgon Daudu, kuma a shekara talatin da ɗaya da ya yi yana koyarwa bai taɓa jin yara masu yawan haka sun yi shiru don kansu ba. Ya juyo. Hasken da ke tashi daga kan benci yana haska fuskokinsu ba fari ba ne kamar kullum. Ja ne. Ƙananan kwamfutocin nan guda ashirin, waɗanda mutanen garin ke kira allunan gilashi, sun rine gaba ɗaya, kowanne da rubutun Turanci layi uku a tsakiyarsa.

Kafin ya ƙaraso ya ga ko mene ne, Shahida ta riga shi. 'Yar wani makiyayi ce, shekararta goma sha biyu, kuma shekara biyu da suka wuce ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ta karanta Turancin a bayyane, sannan ta fassara, yadda shi da kansa ya koya musu su riƙa yi.

"Wai an kulle wannan na'ura. An samu rahoton an fitar da ita daga ƙasa ba da izini ba. Wanda ya gan ta ya kai wa 'yan sanda." Ta ɗago kai. "Malam, wa ya fitar da ita?"

Allin da ke hannunsa ya karye. Ya ce su kife allunan. Abu ɗaya ya faɗo masa a rai, takardar da ya sa wa hannu a Kazaure ranar da aka damƙa masa kayan nan. Sharaɗi na bakwai ya ce duk malamin da ya fitar da na'ura daga ƙasa za a kore shi daga aiki, a kuma miƙa shi ga hukuma. Ranar da aka karanto wurin har murmushi ya yi, don bai ga abin da zai haɗa shi da wannan ba. Yau kuwa ga abin ya same shi a gaban yara. Saura shekara huɗu ya ajiye aiki, kuma ba a taɓa rubuta masa ko takardar gargaɗi ba.

A Kalgon Daudu aka haife shi, ƙauye ne arewa da Babura, inda in mutum ya bi kunyar gonarsa bai lura ba sai ya tarar yana noma a Nijar. Mahaifinsa fataucin gero yake yi da jakuna, kuma duk 'ya'yansa maza bayan jakunan suka bi. Mamuda kaɗai ya tsira, shi ma don yana ɗan shekara shida jaka ta harbe shi a ƙafar hagu, ƙafar ta warke a karkace. Uban ya duba ya ga wannan ba zai iya tafiyar kwana uku ba, ya ce a kai shi boko ko ya samu abin yi a zaune. Har yau yana ɗingisawa, kuma har yau in an tambaye shi wa ya sa shi makaranta sai ya ce jaka ce.

Da ya gama kwalejin horon malamai aka tura shi Gwiwa, ya yi shekara takwas. Daga nan Roni, shekara goma sha ɗaya. Sannan ya roƙi a dawo da shi gida saboda tsohuwarsa. Duk inda ya zauna, abu biyu ake tuna shi da su: ba ya duka, kuma ba ya shiga aji hannu rabbana. Da karan dawa yake ƙera ma'auni, da ƙwallon goruba yake koyar da rabawa, taswirar Najeriya kuwa a yashi yake zana ta a tsakar makaranta, ya sa yara su taka daga Sakkwato zuwa Fatakwal.

Shekara biyu da suka wuce wata ƙungiya ta zo da shirin koyarwa da na'ura, ta buɗe ofis a Kazaure, aka zaɓi makarantu. An kira malamai horo na kwana biyar, shi ne mafi tsufa a ɗakin. Ranar farko ya danna gilashin da ƙarfi kamar mai dangwala ƙuri'a, har wani matashin malami ya leƙo ya ce, "Baba, a hankali, ba man gyaɗa ake matsewa ba." Ɗakin ya fashe da dariya, shi ma ya yi. Da yamma kuwa, a masauki, ya kife farantin da aka kawo masa abinci, ya yi ta koyon shafa yatsa a bayansa har aka kira magariba. Ranar ƙarshe shi ne ya riga kowa buɗe darasi.

Ya dawo da alluna ashirin a akwatin roba, da faifan sola na caji. Yara uku-uku suke raba allo ɗaya. Da farko ya yi tsammanin kayan wasa ne, sai ga shi ranar da ya koyar da zuciya, maimakon ya zana wani abu mai kama da mangwaro, yara suka ga zuciya tana bugawa, jini na shiga yana fita. Wani yaro ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Wallahi irinta ce!" Allon yana furta Turanci, yaro ya maimaita sau goma ba wanda ya gaji da shi. In an yi gwaji, kafin a tashi tara ya riga ya ga waɗanda suka faɗi da tambayar da ta kayar da su, ba sai ya kwana uku yana maki ba. Ta haka ya gano Shahida ba daƙiƙiya ba ce, daga bayan aji ne ba ta ganin baƙin allo. Bai jefar da alli ba. Yakan ce na'ura tana nuna wa yaro abu, amma ba ta san yaron da bai karya kumallo ba.

Matsala ɗaya ce. Duk mako biyu sai an haɗa allunan da intanet, su sauke sababbin darussa, su tura sakamakon yara. Kalgon Daudu kuwa ba sabis na layin Najeriya ko ɗigo. Ƙa'idar shirin ta ce irin waɗannan makarantu su riƙa kai allunan Babura, inda aka ajiye na'urar haɗawa. Sau uku ya je, a bayan ɗan acaba, akwatin a kan cinyarsa. A zuwa na uku suka tarar kwazazzabon hanya ya cika, babur ya zame, shi ya faɗa ruwa har ƙugu da akwatin a ɗage sama da kansa. Ya iso gida yana karkarwa. Ya sha jin labarin makarantun da suka kulle nasu a kabad ko ledarsu ba a ɓare ba, don kada wani abu ya same su a tuhumi malami. Matarsa Dela ta ce shi ma ya yi haka. Ya ƙi.

Ƙaninta Jamaluddeen ne ya kawo dabara. Su Dela 'yan tsallake ne, ƙauyensu tafiyar rabin awa ce a ƙafa. Ya zo gaisuwa ya ji labarin, ya ce, "Yaya Malam, kai da kuka ke bayan ajinka kake faɗawa kwazazzabo?"

Kowa a garin ya san kukar. Nan ne kaɗai sabis ke sauka, na layin Nijar, daga wani ƙarfe da ake hangowa in gari ya yi wasai. A jikinta akwai ƙusoshi da aka kafa daidai tsayin hannun dogon mutum, a nan ake rataye waya a jira kira. Ba mai ganin abin a matsayin na wata ƙasa. Mutumin Kalgon Daudu da naira da sefa a aljihu ɗaya suke kwana, surukansa a can, gonarsa rabi a can. Jamaluddeen ya saya masa layi da katin shaidarsa na ɗan ƙasa, ya nuna masa yadda zai kunna wa allunan data daga wayarsa. Tun daga nan, duk Talata ta biyu da sassafe, Malam Mamuda ya shimfiɗa tabarma a gindin kuka, ya jera alluna ashirin, ya rataye wayarsa a ƙusa cikin tsohuwar safa. Kafin a kaɗa ƙararrawa an gama.

Sai dai akwai fom. Duk ranar da aka sauke darasi sai a rubuta kwanan wata da wuri, a sa hannu. Ranar farko ya kai wa hedimasta, Malam Ɗayyabu, ya tambaye shi abin da zai rubuta.

"Rubuta Babura mana."

"Ai ban je Babura ba, ranka ya daɗe."

"To gindin kuka za ka rubuta wa mutanen ofis? Su ce mun raina su? Ƙa'ida ta ce Babura, ka ba su Babura. Wa zai duba?"

Ya rubuta. Sau talatin da huɗu ya rubuta, har hannunsa ya daina jin nauyin abin.

Ranar da allunan suka yi ja, ya bar yara ya nufi ofishin hedimasta da ɗaya a hannu. Malam Ɗayyabu ya sa tabarau ya karanta, ya cire, ya goge, ya sake karantawa. Sannan ya tura allon gefen tebur da ɗan yatsa kamar abu mai zafi.

"To, kai ka sa hannu ka karɓo su. Sai ka kira su."

Daga gindin kukar ya kira. Wata murya ta ce ya zo Kazaure ranar Alhamis da kayan gaba ɗaya.

Ya isa da hantsi, ya hau a-daidaita-sahu daga tasha, akwatin a ƙirjinsa. Mutum biyu ya tarar a ofishin. Hajiya Halima Sa'adiyya, shugabar shirin a yankin, dattijuwa ce mai magana a hankali, ta tashi ta gaishe shi ta sa aka kawo ruwa. Sai Zaharadeen, mai kula da na'urori, saurayi ne siriri da bai daɗe da gama jami'a ba, shi ne ya aika umarnin kullewar, umarnin ya biyo darussan da Malam ya sauke ranar Talata. Ya ƙirga allunan sau biyu. Ashirin cif. Malam Mamuda ya ji numfashinsa ya ɗan dawo.

Sai saurayin ya haska taswira a bango. Can yamma, nesa da komai da ya sani, wani jan ɗigo yana ƙyaftawa.

"Malam," in ji Hajiya, "ka taɓa zuwa Yamai?"

"Ranki ya daɗe, iyakata Magarya, ita ma ta'aziyya ce ta kai ni."

"Baba, ni ban ce ka yi wani abu ba," in ji Zaharadeen, yana gyara takardun da ba su karkace ba. "An sabunta tsarinmu ne a watan jiya, ya fara nuna inda kowace na'ura ta shiga intanet, har na baya. Naka duka ashirin, sau talatin da huɗu, daga Yamai. Ƙa'ida ta ce in na ga haka in kulle. Da ban kulle ba, ni za a tambaya."

Nan Malam Mamuda ya gane. Ya ji kamar ya yi dariya, ya kuwa fara bayani da sauri, kuka, ƙusa, safa, kwazazzabo. Yana magana yana jin yadda labarin ke fitowa kamar tatsuniya a ɗaki mai fanka da labule. Saurayin ya ce mai yiwuwa ne layin wata ƙasa ya nuna babban birninta duk inda mutum yake, amma shi bai taɓa gani da idonsa ba, kuma ba zai iya rubuta mai yiwuwa a rahoto ba.

"Layin da sunan wa yake?" Hajiya ta tambaya.

"Ƙanin matata, Jamaluddeen. Ɗan can ne."

"Mece ce sana'arsa?"

Da zai iya haɗiye amsar da ya haɗiye. "Yana saye da sayar da tsofaffin wayoyi."

Zaharadeen ya rubuta wani abu, ya kalli akwatin, ya ce dole a tura allunan a buɗe cikinsu a ga ko kayan da ke ciki na asali ne. Hajiya ta jawo wani fayil, ta juyo da shi gabansa. Rubutunsa ne, mai kyau, a miƙe, irin wanda ake nuna wa yara su kwaikwaya. Babura, Babura, Babura, har ƙasan shafi.

"Idan a gindin kuka kake yi, wannan fa?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon rubutun nasa. Ta rufe fayil ɗin. Ta ce an dakatar da shi daga shiga aji har kwamiti ya zauna, kuma ita da kanta za ta zo ranar Litinin ta ga wannan kuka. Ya fito ba akwati. Hannuwansa suka rasa abin riƙewa, ya yi ta tafiya a ƙafa yana ɗingishi, duwatsun garin na kallonsa, har ya wuce tasha bai sani ba.

Kafin ya iso gida labari ya riga shi, yara hamsin da takwas sun kai shi gida hamsin. A teburin mai shayi aka tarye shi da shewa.

"Sannu da zuwa, Alhajin Yamai! Sau talatin da huɗu, ko kilishi ba mu gani ba?"

"Ku bar shi, a jirgi yake zuwa. Da wannan ƙafar zai je?"

Ya yi yaƙe ya wuce. Masu tsokana ba su dame shi ba, ya san waɗannan ba su yarda da zancen ba. Waɗanda suka yi shiru ne suka dame shi. Shekara shida mukullin ɗakin batirin masallaci na hannunsa. Ranar Juma'a bayan sallah ladan ya biyo shi har ƙofar gida, yana sosa ƙeya, ya ce wai za a ɗan yi gyara, ko zai ba da mukullin. Ya ciro ya miƙa masa. Ba wani gyara da aka yi.

"Da ka bar su a kwali kamar kowa, da yanzu kana zaman lafiyarka," in ji Dela. Ta faɗa tana tankaɗe, ba ta kalle shi ba. Can kuma ta ajiye rariyar, ta yafa mayafi, ta ce za ta tsallaka ta zo da ƙaninta ya faɗa musu da bakinsa. La'asar ta dawo ita kaɗai.

"Me ya ce?"

"Wai a ba ka haƙuri. Wai shi ba zai kai kansa motar 'yan sandan Najeriya da ƙafarsa ba." Ta zauna a bakin ƙofa. "Na ce masa daga yau kada ya sake cin tuwona."

Saura kuka ke nan. Ita kaɗai ce shaidarsa. Ranar Lahadi da yamma aka yi iska mai ƙarfi, ta kwashe rufin kwano biyu, aka tafka ruwa. Da gari ya waye ya riga kowa zuwa, ya rataye wayarsa a ƙusa. Babu sabis. Ya kashe ya kunna. Babu. Ya cire layin ya goge da bakin riga ya mayar. Ya hanga arewa inda ƙarfen yake, hadari ya rufe ko'ina.

Sha ɗaya saura motar ta iso, taɓo har gilashi. Hajiya ta fito tana dafa baya, ta ce ai ta ga kwazazzabon nasa. Malam Ɗayyabu ya sa aka kawo kujeru gindin kuka, shi ya koma gefe ya tsaya. Yaran aji shida suka cika tagogi, ba wanda ya kore su. Akwai mata huɗu a wurin da wayoyinsu a rataye, cikinsu har da Iya Ma'u, tsohuwar da kullum take jiran kiran ɗanta daga Damagaram.

"Ga wurin, ranki ya daɗe."

"To, bismillah."

"Sabis ɗin ya ɗauke tun jiya. Amma yana dawowa."

Zaharadeen ya kalli ƙusoshin, ya taɓa ɗaya, ya ɗauki hoto. Ya karɓi wayar Malam ya duba, ya ɗaga ta sama, ya zagaya kukar. Ya girgiza kai.

Aka zauna. Minti ashirin, rabin awa. Malam Mamuda bai zauna ba. Duk bayan ɗan lokaci sai ya miƙa hannu cikin safar ya leƙa, ya mayar. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa duk da sanyin ruwan jiya. Ya ce wa matan su faɗa wa baƙi ko ƙarya yake.

"Ƙarya kuma?" in ji Iya Ma'u. "A nan na ji haihuwar jikokina uku. Ke 'yar nan, kada ki ga sabis ɗin ya yi shiru, halinsa ne. Kamar mijina, Allah ya jiƙansa, sai ya ga baƙi yake ɓuya."

Hajiya ta yi murmushi, amma ba ta rubuta komai ba. Awa ɗaya ta cika, har ta wuce. Direba ya zo ya ce hadari na sake haɗowa, in ruwa ya tare su a wannan gefen sai dai su kwana. Ta dubi agogo, ta dubi Malam Mamuda, ta miƙe.

"Malam, zan rubuta abin da na gani. Na ga kuka, na ga ƙusa. Ban ga sabis ba."

"Minti goma, ranki ya daɗe. Don Allah."

"Mun ba ka saba'in."

Ya bi su zuwa mota yana jan ƙafa. Ya ji Shahida daga taga tana cewa wani abu da Fillanci, wata ta ce mata ta yi shiru. Zaharadeen ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya ciki. Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya duba, ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje.

"Hajiya, saƙo ne. Da Faransanci."

A bayansu wayoyi huɗu suka ɗauki ruri a jikin kuka. Iya Ma'u ta taso da sandarta, ta leƙa wayar saurayin kamar mai iya karatu.

"Ai barka da zuwa suke maka, ɗan nan. Duk baƙo sai sun yi masa. Kai ma ka tafi Nijar ke nan. Wa ya ba ka izini?"

Ba wanda ya yi dariya sai direba. Zaharadeen ya koma gindin kukar kusan da gudu, ya ce Malam ya kunna datar. Sau biyu Malam Mamuda yana kuskure lambar sirrinsa. Da ta kunnu, saurayin ya haɗa kwamfutarsa, ya buɗe taswirar nan. Ta daɗe tana juyawa. Sannan jan ɗigon ya fito, a Yamai.

Saurayin ya daɗe yana kallon ɗigon. Da ya ɗago, fuskarsa ta fi ta Malam Mamuda nuna tsoro.

"Baba," ya ce a hankali, "na kulle maka aji a gaban yara."

"Aikinka ka yi."

Hajiya ta karɓi kwamfutar ta duba, ta sa aka ɗauki hoto da kukar a baya. Ta ce wannan zai shiga rahoto, amma binciken cikin allunan yana nan, kuma ba ita kaɗai ce kwamiti ba. Sannan ta ciro fayil ɗin daga jakarta.

"Saura wannan, Malam, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Akwai waɗanda za su ce wanda ya rubuta abin da ba haka ba sau talatin da huɗu, ba a bar masa yara. Ina so ka taimake ni in taimake ka. Kai ka ga dama ka rubuta Babura, ko wani ya sa ka?"

Malam Ɗayyabu na tsaye taku uku daga wurin, ya duƙar da kai yana kankare taɓo daga takalminsa da tsinke. Shi ma saura shekara biyu ya ajiye aiki, da iyali goma sha ɗaya. Shi da Malam Mamuda sun yi shekara goma sha biyu suna cin abinci a kwano ɗaya lokacin tara. Malam Mamuda ya jira ko zai ɗago. Tsinken ya ci gaba da kankara.

"Hannuna ne ya rubuta, ranki ya daɗe."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na sani."

Ta dube shi, ta dubi hedimastan, ta mayar da fayil ɗin jaka. Ta ce kwamiti zai zauna in sakamakon binciken ya dawo, kuma za a kira shi a faɗa masa ko ya koma aji ko an sallame shi. Zaharadeen ya tambayi lambar da za a same shi. Malam Mamuda ya ce layinsa na Najeriya sai in ya shiga Babura. Sai saurayin ya rubuta lambar Nijar ɗin a bayan hannunsa. Motar ta tashi, yayyafi ya biyo ta.

Aji shida yanzu an haɗe su da aji biyar, yara ɗari da wani abu a ɗaki ɗaya, jarrabawar shiga sakandare kuwa saura mako biyar. An hana shi shiga harabar makaranta, amma kukar tana bayan katanga, ba ta makaranta ba ce. Kullum bayan ya karya kumallo yakan ɗauki tabarmar nan ya je ya shimfiɗa, ya rataye wayar a ƙusa, ya zauna cikin mata masu jiran kira. Daga nan yana jin muryar ajin. Ran nan ya ji an yi kuskure a rabawa, an maimaita shi sau uku, ya miƙe tsaye bai sani ba, sannan ya koma ya zauna. Lokacin tara Shahida da wasu kan zagayo da littattafansu, ya share yashi da tafin hannu ya zana musu. Malam Ɗayyabu ya gan su sau biyu ta kan katanga, bai hana ba. Mukullin masallaci bai dawo ba.

Sau uku wayar ta yi ƙara a cikin safa, duk ukun ya kusa faɗuwa wajen miƙewa. Biyu talla ce da Faransanci. Ɗaya Jamaluddeen ne, yana tambaya ko Yaya Dela ta huce.

Yau kwana goma sha tara ke nan da zuwan motar. Allunan na can inda aka kai su bincike, kwamiti bai zauna ba, kuma ba a kira Malam Mamuda ba tukuna.